Yadda zaka tara kudin tafiya Yankari ba tare da ka ci bashin kowa ba

Ni tela ne, shagona a cikin Kano yake, kuma sai da na haura shekara talatin a duniya ban taba barin gari don kawai in je in ga wani wuri ba. Tafiya kam nayi ta, gaisuwar mutuwa a Zariya, daurin aure a Hadeja, rakiyar kawuna asibiti a Kaduna, amma duk irin tafiyar nan ce da zaka je a gurguje ka dawo a gajiye, ba abinda ka gani sai keyar direba. Ranar da na fara fada a majalisa cewa ina son zuwa Yankari, dajin namun dajin nan na jihar Bauchi, dariya aka yi min sosai, wani yace toh Bature Allah ya kiyaye hanya, wani yace yawon bude ido ai sai wanda ya koshi. Ban ji haushi ba don nima a lokacin haka na dauka. Sai da naje na dawo na gane ba koshi ake jira ba, tsari ne kawai babu, kudin da zai kai ka yana bi ta hannunka kullum yana wucewa kana kallo.

Abu na farko, ka tsayar da wuri daya. Kar kace ina son in dan fita in sha iska wata rana, wannan wata ranar bata zuwa, ni na shekara uku ina fadin haka. Kace Yankari zani, ko Daura zani in ga rijiyar Kusugu, ko Argungu lokacin bikin kamun kifi, ko Gembu can saman tsaunin Mambila. In wurin yana da suna toh yana da kudin mota, kaga lissafi ya samu kafa. Ni Yankari na zaba saboda bata yi nisa da Kano can can ba, wajen kilomita 300 ne zuwa Bauchi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, kuma tun ina firamare nake jin labarin giwayen wurin da ruwan dumin nan na Wikki da ake wanka a ciki.

Sannan ka sa lokaci, kuma ka duba abu biyu, yanayin wurin da yanayin aljihunka. Yankari da rani ake zuwa in dabbobi kake son gani, daga karshen Disamba zuwa wajen Afrilu, saboda lokacin ciyawa ta bushe, kududdufai sun kafe, dole dabba ta gangaro kogin Gaji shan ruwa. Da damina dajin yafi kyau a ido, shar dashi, amma ciyawa ta fi tsayinka kuma ruwa ko'ina akwai, giwa bata da dalilin zuwa inda kake. Mu teloli kuma kowa ya sani kafin sallah ba ma ko iya daga kai, bayan sallah da sati daya shago yayi tsit sai kuda, toh sai na sa tafiyar bayan karamar sallah, lokacin akwai dan canji kuma ba kwastoman da zai zo yana min ihu akan dinkinsa. Kai ma ka duba taka sana'ar. Manomi bayan kaka, malamin makaranta lokacin hutu, ma'aikaci ya hada da ranakun hutun gwamnati, dan kasuwa ya san watan da kasuwarsa ke kwanciya.

Yanzu lissafi. Ka samu takarda da biro, ba a ka ake yinsa ba. Kudin mota zuwa da dawowa, kuma kar ka tambayi wanda yaje shekara uku da suka wuce, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk wani tsohon farashi ya zama tarihi, ka taka da kafarka kaje tasha ka tambayi 'yan kamasho nawa ne Bauchi yau. Sai kudin motar da zata shiga da ku dajin, wannan shi mutane suka fi mantawa. Daga Bauchi hanyar Gombe ake dauka, a Dindima a karya kwana, a tafi har kauyen Mainamaji inda kofar shiga take, daga kofar kuma zuwa sansanin Wikki inda dakunan kwana suke akwai tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai a cikin daji tsagwaronsa. Ba wurin da zaka tsaya bakin titi ka daga hannu bane, in baku da motar kanku shata zaku dauka daga Bauchi, ku kuma yi magana da direban tun farko akan ranar da zai dawo daukarku, ku karbi lambarsa, kar ku biya shi kudin dawowa sai ya dawo din. Sai kudin shiga a kofa, kudin daki, kudin motar da ke zagayawa da mutane kallon dabbobi, abinci, tsaraba. In ka hada duka toh ka dora kashi daya cikin biyar a kai, wato in lissafi ya baka dubu 100 ka rubuta dubu 120. Wannan karin ba na shagali bane, na abinda baka sani bane, taya ta fashe, mai ya tashi kafin ranar, ko ciki ya baci a nemi kemis.

Akwai wani layi da nake so ka rubuta a takardar nan da babban baki, kudin cefanen gida. In kana da iyali kuma ba dasu zaka ba, abinda zasu ci kwanakin da baka nan yana cikin kudin tafiya, har da na kwana uku ko hudu bayan ka dawo kafin hannu ya sake kamawa. Wani abokinmu ya taba zuwa Legas yawo ya dawo da hotunan bakin teku ya tarar an kwana biyu ana karbo taliya bashi a shagon unguwa, har yau in maganar tafiya ta taso matarsa tashi take ta bar wurin. Haka in ana binka bashi, ka fara biya tukunna. Ba dadi mai shago yaga hotonka a sitatus kana wanka a Wikki alhali sunanka na cikin littafinsa.

Toh an san adadi, an san wata, sai a raba. In dubu 120 kake nema kuma saura wata shida, dubu 20 kenan duk wata, dubu biyar duk sati, kusan naira 700 a rana. Kaga yadda abin ya koma? Dubu 120 in an fade ta gaba daya sai gabanka ya fadi, amma 700 a rana kudin lemo da data ne da dan tsiren da kake tsayawa siya a hanyar gida ba don yunwa ba. Ko 500 ka iya a rana, a kwana 180 dubu 90 ce. Da yayyafi kogi kan cika ai.

Inda aikin yake shine wurin ajiyewa, kuma a nan na fadi a karon farko, bari in baka labarin don kar ka maimaita. Asusu nasa kafinta ya buga min na katako, mai dan tsagi a sama, na tura shi karkashin teburin yanka. Wata biyun farko lafiya lau, kullum in na tashi daga aiki sai na zura wani abu. Matsalar asusu ita ce yana kusa da kai kuma kasan yana nan. Ranar da allurar keken dinki ta karye zare kuma ya kare sai na samu tsinken tsintsiya na zaro dari biyar nace gobe zan mayar, toh daga ranar na zama gwani, har na lankwasa wata 'yar waya musamman don wannan aikin, barawon kaina da kaina. Ana cikin haka aka zo da canjin kudi, karshen 2022 zuwa farkon 2023, aka ce tsofaffin dari biyu da dari biyar da dubu za'a daina karba, dole na fasa asusun na kai abinda ya saura banki na bi layi tun asuba, kuma kasan kudi in suka shiga akawun din da kake cefane dashi sun shiga kenan. Azumi ya zo ya lashe su tas. Shekarar ba inda naje.

Karo na biyu sai na canza dabara, na raba abin gida biyu. Rabi adashe, rabi wani akawun daban.

Adashe yafi asusu ta wuri daya, akwai kunya a ciki. Asusu in baka zuba ba ba wanda ya sani, adashe kuwa ranar zubi in baka kai ba uwar adashe zata aiko yaro har shago a gaban mutane. Mu goma muka yi a layinmu, dubu biyar duk Juma'a, mai dauka ya kwashi dubu hamsin, sati goma an zagayo. Shawarar da zan baka a nan, ka roki a baka daukar karshe ko ta kusa da karshe, wadda zata fado daf da tafiyar. Kowa rububin daukar farko yake, toh kai ba ita kake so ba, in ka dauka da wuri kudin zasu zauna a hannunka wata biyu kuma wallahi sai wata larura ta ji kamshinsu ta zo, ga zubi kuma yana nan a wuyanka. Amma fa daukar karshe sai da mutanen kirki, don wanda ya riga ya dauka shine yake fara nokewa, saboda haka ka shiga adashen mutanen da kasan shagonsu kasan gidansu, kuma uwar adashen ta taba rike wani ya kare lafiya. Adashen intanet na mutanen da baka taba gani ba, wanda ake ce maka zuba goma ka kwashi ashirin, wannan ba adashe bane, ka rike kudinka.

Daya rabin kuma na bude wani akawun daban wanda ban karbi katinsa ba, ban kuma bawa kowa lambarsa ba. Ko a bankin da ka saba ne, ko irin su Opay da Moniepoint da kowa ke dasu yanzu, ko Jaiz da TAJ ga wanda baya son harkar kudin ruwa, duk daya ne, sharadin dai kar ya zama akawun din da kwastoma ke maka transfa ko kake siyan kati dashi. Kuma ka tura kudin da safe ko lokacin da kudi suka shigo, ba da dare in ka ga abinda ya rage ba, don ba abinda ke ragewa. Ni dokar da na sa wa kaina ita ce duk dinkin da aka biya ni, kafin in sa kudin a aljihu sai na cire na Yankari, ko dari biyu ce. Mai albashi ranar da alat ya shigo ya cire nasa a take kafin 'yan uwa su ji labari. Wannan tsarin ba bakon abu bane a wurinmu, shine dai irin adashin gata da hukumar alhazai ta fito dashi ga masu niyyar Hajji, a rika zubawa kadan kadan har Allah ya cika, kuma iyayenmu mata tun da can da tunkiya da kaji suke tara kudin kujerar Makka. In kana da wurin kiwo ma wannan hanya ce, ka sayi dan rago bayan babbar sallah lokacin da suka yi araha ka sayar in ya yi kiba, sai dai ka tuna yana ci kuma yana iya ciwo.

Kar ka ci bashi don tafiyar shakatawa, musamman na manhajojin nan na waya masu bada rance cikin minti biyar. Kwana uku zaka yi a can, wata uku suna kiranka suna kiran duk wanda ke cikin wayarka. In ranar ta zo kudin basu cika ba ka daga tafiyar, giwayen ba inda zasu.

Wani abu kuma, kar ka cika yayata cewa kana tara kudi. Ba rowa nake koya maka ba, taimakon dan uwa yana nan a wurinsa kuma in larura ta gaske ta taso kamar rashin lafiya ai ba sai an fada maka ba zaka fasa, nima zan fasa. Amma akwai masu jin kana da ajiya sai su zo da ara min zuwa karshen wata, kuma karshen watan nasu baya zuwa. Ka fada wa matarka ko mahaifiyarka da abokan tafiyarka, ya isa.

Maganar abokan tafiya, ku hadu ku uku ko hudu, nan ne kudin ke sauka sosai. Shatar mota daya ce ko kai kadai ne ko ku hudu, daki mutum biyu zasu iya rabawa. Mu hudu muka je, ni da wani mai gyaran waya, da malamin islamiyya, da kanin matata. Muka nada malam ma'aji, kowa ya tura masa kason mota da daki sati biyu kafin tafiya, kuma muka yi sharadi wanda ya fasa ba tare da dalili ba kudin mota ba'a mayar masa. Da farko mu bakwai ne a guruf din WhatsApp, kowa na ta turo hoton zaki, ranar da aka ce a turo kudi sai guruf yayi shiru kamar an dauke wuta, uku suka zame. Gara su zame tun a gida. Kuma ka zabi wanda zaku iya zama mota daya awa biyar, manya sun ce in kana son sanin halin mutum kayi tafiya dashi, gaskiya ne, kanin matata da nake wa kallon miskili shi ya rike mu da barkwanci har muka dawo, mai gyaran waya kuma da muke shiri sosai ashe mutum ne mai mita, komai yayi tsada, komai yayi zafi. In da iyali zaka toh ka kara lissafin daki da abincin yara, kuma gaskiya in da hali ka tafi dasu din, nayi nadamar barin babban dana, don da na dawo ina bashi labari naga idonsa ya ciko.

Guzuri. A cikin daji kake, abinda aka sayar maka a nan shi zaka siya, saboda haka ku shigo da kayanku daga gari. Mu mun tafi da garin kwaki da kuli da suga, burodi, kayan shayi, dambun nama da matar malam tayi mana, dabino, da ruwan leda jaka biyu da muka siya a Bauchi, sai ya zama sau daya kawai muke siyan abinci a rana. Ka tafi da tsabar kudi daidai gwargwado don sabis a daji ba abin dogaro bane, transfa tana iya makalewa kana tsaye, amma kar ka hada su wuri daya, kuma kudin motar dawowa ka nade su daban ka cusa a kasan jaka ka manta dasu. Katin dan kasa a aljihu saboda shingayen hanya. Fawa bank a cike, tocila, maganin sauro, fanadol, takalmin da zaka iya tafiya dashi, gajeren wando mai kauri wanda ya rufe gwiwa na shiga ruwa. Sannan ga shawarar tela, akwai kudan tsando a dajin kuma cizonsa kamar an soka maka allura, yana son bakin kaya da shudi mai duhu, toh ka dinka ko ka dauko mai ruwan kasa ko ruwan toka mai dogon hannu. Ni shadda ruwan bula na saka ranar farko don in fito a hoto, na gane kurena.

Ku fita da sassafe, bayan asuba in so samu ne, motar farko. Ba'a tafiyar dare yanzu in ba dole ba, kuma kafin ranar ka tambayi direbobin layin yadda hanya take, sun fi kowa sani. Ka fada a gida inda zaka da ranar dawowa, ka nemi albarkar iyaye, kayi addu'ar tafiya, ga kuma saukin da addini ya bayar na kasaru da hada salloli. In kun isa Bauchi da wuri kar ku wuce a guje, ku ci masa tukunna, masar Bauchi ba irin wainar da muka saba bace, da miyar taushe ko da kuli, ni dai na ci har na ji kunya. Ku leka kabarin Abubakar Tafawa Balewa, firaministan Najeriya na farko da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, wanda hotonsa ke jikin naira biyar. Akwai dan dakin tarihi a wurin da aka ajiye kayansa. Abinda ya tsaya min a rai shine yadda kabarin yake ba wani kyale kyale, mutumin da ya rike kasar nan gaba daya, malam ya dade a tsaye yana addu'a bai ce komai ba har muka koma mota.

Shi dajin kansa a karamar hukumar Alkaleri yake, fadinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, tun 1956 aka kebe shi, aka bude wa jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta karbe shi a 1991 sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Tun daga kofa zaka ji iskar ta canza, kuma kana isa Wikki masu tarbarka na farko ba ma'aikata bane, gwaggon biri ne da gadu, suna yawo tsakanin dakuna kamar su suka biya kudin. Ka rufe kofa da taga ko fitsari zaka, kar ka rike leda a hannu kana tafiya. Mai gyaran waya ya ajiye burodinmu akan bonet yana amsa waya, wani katon biri ya taho a hankali kamar mai zuwa gaisuwa, ya dauka, ya hau bishiya ya zauna ya bude ledar da hannu biyu kamar mutum yana ci yana kallonmu. Mitar da muka sha ranar ba'a magana.

Zagayen kallon dabbobi ku shiga na safe ko na yamma lis, da rana tsaka duk suna inuwa. Mota ce budaddiya da jagora a ciki, ba'a sauka sai yace a sauka, ba'a ihu. Kuma ka sa a ranka ba gidan zu bane, ba wanda ya daure dabba yana jiranka. Fitarmu ta farko gwanki muka gani da gwambaza da bauna daga nesa da tsuntsaye kala kala, giwa kuwa sai kashinta da rassan da ta karya, har na fara cewa a raina kudina. Washegari da safe wajen kogin Gaji jagoran ya daga hannu direba ya kashe mota, muka yi shiru, sai karar karyewar itace, sai gasu suna ketare hanya a gabanmu a hankali, uwa da 'ya'ya, karamin yana ta sauri kar a barshi. Ban ma tuna da waya ba sai da suka shige. Zaki kam bamu gani ba, jagoran yace sun yi karanci kuma ba kasafai ake dacewa ba. Shi yasa nake cewa ku lissafa kwana biyu ba daya ba, wanda yazo da safe ya juya da yamma sa'a kawai yake nema. In lokaci ya ragu akwai kogwannin Marshall wadanda mutanen zamanin da suka fafe a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey sama da dari, da dan gidan tarihi a sansanin inda aka ajiye kasusuwa da fatu da tarkunan da aka kwace a hannun mafarauta.

Sai ruwan Wikki. Matakala ake sauka, ruwan daga karkashin wani dutse yake bulbulowa, garau kamar gilashi har kana ganin yatsun kafarka akan farin yashi, kuma duminsa baya canzawa dare da rana, rani da damina, wajen digiri 31. Ta bakin dutsen yafi zurfi, in baka iya ruwa ba ka tsaya ta kasa inda bai wuce kugu ba. Ni da na shekara goma sha ina dunkule akan keke, bayana har wani kara yake in na mike, na kwanta a ruwan nan bayan isha'i ina kallon taurari ta tsakanin ganye, ba karar janareton makwabci, ba mai cewa Malam ina dinkina. A daren nayi barcin da rabona dashi tun ina saurayi.

Mutane na tambayata wai me ka samu, kudin da ka kashe ai da ka sayi wani abu. Na samu hutun da idona da bayana suke bukata, wannan daya. Na ga garuruwan da da sunansu kawai nake ji, naji Hausar Bauchi da bakin masu ita, naga wani yankan wuyan riga a jikin wani dattijo a masallacin da muka yi azahar wanda na roke shi na dauki hoto, na dawo na gwada, yanzu samarin unguwarmu shi suke cewa in musu. Amma babban abin shine hannuna ya saba da cirewa. Wata shida ina ware kudi kafin in taba, da na dawo sai naji ba zan iya dainawa ba, akawun din nan ban rufe shi ba, dashi na sayi keken dinki na biyu a shago.

Tsaraba ka barta sai ranar dawowa, kuma da kudin da ka ware mata tun a takarda, kar ka taba na mota. Ba sai mai tsada ba, yara dai su ga ka shigo da leda. Mu masa muka sa aka soya mana da safe a Bauchi aka nade a takarda, da kuli da dan zuma, na gidan surukai daban na makwabta daban. Ka ajiye 'yan canji na adaidaita daga tasha zuwa gida, don mu sai da muka sauka a Kano bayan magariba muka tarar kowa ya karar da nasa, malam ma'aji ya zazzage jaka ya samo dari bakwai, muka cusa kanmu mu hudu a adaidaita daya da jakunkuna akan cinya, mai gyaran waya a gaba kusa da direba yana ta mita har kofar gida.